Ku Maido Mana da Muryar Gwaggo Kulu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta raya al'adun gargajiya,
da dattawan kwamitin da ke shirya bikin shekara,
Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarku. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a, yaya kuma muka ji da halin da ƙasarmu ke ciki? Allah ya kawo mana ƙarshensa, ya mayar da kowa gidansa.

Ranka ya daɗe, sunana Balkisu, haifaffiyar Ruwan Gizo, mazauniyar Mafara tun da aure ya kawo ni. Ɗinki ne sana'ata, kuma ni ce wadda kuka ɗora wa tattara mata tun shekarar da aka kafa ƙungiyar nan. Ka san ni, na san ka. Ban rubuta sunanka ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda na yi ta zarya a ofis har maigadi ya daina tambayata wurin wa na zo, kuma abin da nake nema ba nawa ba ne ni kaɗai.

Saboda masu karatu da ba su san ta ba, Gwaggo Kulu ƙanwar mahaifina ce. A wani ƙauye cikin ƙasar Maradun ta yi aure, can ta yi rayuwarta, can ta binne mijinta. Zabiyar daɓe ce. Yaran da suka tashi a kan siminti ba su san daɓe ba. In an gina ɗaki, sai a zuba tsakuwa a jiƙa ta, a gayyato matan unguwa su durƙusa a jere, kowace da madaɓinta na itace, su yi ta bugun ƙasa tare har ta kwanta ta yi santsi, sannan a yayyafa ruwan makuba ta yi ja ta yi ƙarfi. Aiki ne mai karya baya, waƙa ce ke ɗaukarsa. Ɗaya na bayarwa, saura na amsawa, bugu na tafiya da amshi. Gwaggo ce mai bayarwa. Takan yabi mai ƙwazo, ta zolayi raguwa har ragwancin ya bar ta don kunya, ta sa dariya a bakin wadda ta zo da ɓacin rai. Daga ƙauyuka masu nisa ake aikowa a ɗauke ta.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, bayan sun kashe ɗanta Garba a gona, sai ta zo wurina da ƙullin kayanta. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba. Yanzu babu kowa a cikinsa. Matan da ke yi mata amshi suka watse, wasu Bakura, wasu Damri wurin dangi, wasu nan Mafara cikin kangayen da masu su ba su gama ginawa ba. Ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani.

Ka tuna yadda muka fara bikin nan. Kana koyarwa a sakandare a lokacin, kai da abokanka kuka ce kada a zuba ido abubuwan iyayenmu su ɓace. A filin firamare muke yi, bayan an shigar da amfanin gona. Babu kati, babu ƙofa. Makaɗan noma su zo, 'yan kokawa su zo, masaƙa da maƙera da masu tukwane su baje abin hannunsu a ƙasa. Na gan ka da idona kana ɗaukar benci a ka. Mu mata kuwa ba kwaikwayo muke yi ba: kowace shekara akan nemi ɗakin wata marar ƙarfi kusa da filin a daɓe mata shi da gaske, jama'a na leƙowa. Bayan da ƙauyuka suka watse, ranar bikin nan ce kaɗai Gwaggo ke haɗuwa da 'yan amshinta. Tun damina take tambayata saura wata nawa.

Da ƙungiya ta samu masu tallafi daga nesa, aka buɗe ofis, aka mayar da biki cikin babban ɗakin taro mai katanga, ban yi gardama ba. Na san dalili. Tara jama'a a fili a wannan zamani abin tsoro ne, kuma in wani abu ya faru kai za a tambaya. Ba a kan wannan nake kuka ba. Ga abin da nake kuka a kai.

Na ɗaya: ɗaukar muryarta.

A bazarar bara, ana tsakiyar zafi, sakataren ƙungiya ya zo gidana da baƙi biyu daga Gusau, ɗauke da na'urar ɗaukar murya da ta hoto. Ya ce masu tallafa mana suna so a adana waƙoƙin tsofaffi kada su bi masu su kabari, kuma kowace tsohuwa za a ba ta nata ta riƙe. Gwaggo ta ƙi. Tun rasuwar Garba ba ta waƙa sai ranar biki, cikin 'yan uwanta. Ta ce ita ba za ta zauna a ɗaki tana waƙa ita kaɗai kamar mai taɓin hankali ba. Baƙin suka ce muryarta ita kaɗai suke so don ta fita tas, amshi kuma za a dawo a ɗauka daga baya. Ta dage a kan bakanta, sai da sakatare ya ce kai ka aiko su. Sai ta ce, "In dai Malam na yat turo su, ba komi. Ya san mu."

Sunanka ne ya buɗe ƙofar nan, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake rubuto maka kai, ba wani ba.

Kwanaki suka yi suna zuwa. Aka rufe tagar ɗakina saboda ƙarar kabu-kabu, zufa na zuba, ita tana zaune a tabarma da madaɓinta, tana bugun ƙasa a hankali tana bayarwa. Daidai inda amshi zai shiga sai ta yi shiru, ta bar masa gurbinsa, sannan ta ci gaba. Ta yi na daɓe, ta yi na niƙa da na daka, ta yi na reno. Rana ta ƙarshe ta yi wata da ban taɓa ji ba, ni da na san ta tun ina yarinya. Ta bi ƙauyensu gida gida, daga bakin rijiya har gidan ƙarshe na wajen fadama, tana kiran sunan matar kowane gida da abin da aka san ta da shi: mai hocen dawa, mai kitso, wadda furarta ba ta kwana, wadda ba ta jin kira in tana tankaɗe. Da ta iso kan gidanta ta kira Garba, muryar ta karye. Ta tsaya, ta sha ruwa, ta ƙarasa. Ɗaya daga cikin baƙin ya fita tsakar gida, ya daɗe bai dawo ba. Bayan tafiyarsu sai da ta yi kwanaki a kwance da ciwon ƙirji.

Ba a dawo ɗaukar amshin ba. Ba a kawo mata nata ba.

Na biyu: ranar biki.

Da kaka ta yi aka sa rana, kuka ce in tara mata kamar kullum. Na aika Bakura, na aika Damri. Ka san abin da ake nufi da a ce wa tsohuwa ta hau hanya a wannan lokaci. Babu wadda 'ya'yanta ba su yi gardama da ita ba. Inna Hure, babba a cikin 'yan amshin Gwaggo, ƙafarta a kumbure take, amma ta sa aka kawo ta bakin titi a kan mashin, ta shiga motar 'yan kasuwa ta zauna a kan buhunan dankali. Da hantsi suka iso, kowace da madaɓinta ƙunshe cikin zane. Wasu sai da suka sa aka sassaƙa musu sabo, domin nasu ya ƙone tare da ɗakunansu.

A bakin ƙofa aka ce sai mai kati. Ni ina da kati, su ba su da shi. Sama da ƙofar kuwa an rataye wani babban ƙyalle, hoton Gwaggo ne a jiki, ta ɗaga madaɓi, bakinta a buɗe. An rubuta sunan ƙungiya da na masu tallafi, babu nata. Matan suka yi ta nuna hoton suna dariya suna tsokanarta. Ita ba ta gani, sai tambaya take ko da ɗankwalin kirki aka ɗauke ta. Muka zauna a gindin katanga har rana ta take. Sai da sakatare ya fito ya sa baki aka bar mu muka shiga, aka nuna mana bencina can baya, kusa da tagar da janareta ke bayanta. An ba su abinci, an kuma ba su kuɗin motar komawa. Ba zan ɓoye wannan ba.

Na duba ban ga tsakuwa ba, ban ga ruwa ba, ban ga inda za a yi daɓe ba. Na tambaya, aka ce in jira, an tsara komai. Babban baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Aka yi jawabai, aka miƙa lambobin yabo, aka ɗauki hotuna. Makaɗan noma da suka taso tun daga Maradun, hannunsu bai gama sakewa a kan ganga ba aka ce lokaci ya ƙure su sauka.

Sannan mai gabatarwa ya ce yanzu za a nuna daɓe. Na miƙe na ce wa mata su kwance madaɓansu. Sai ga 'yan matan makaranta sun hau dandamali cikin saƙi iri ɗaya, sun durƙusa a kan katako. Aka kunna lasifika. Muryar Gwaggo ta cika ɗakin. An sa mata kiɗan fiyano a ƙarƙashi, gurbin amshin ma da kiɗan aka cike shi.

Ba ni da abin cewa a kan yaran nan. 'Ya'yanmu ne, an koya musu, sun yi iyakar ƙoƙarinsu.

Gwaggo ta laluba ta kama hannuna. Ta ce, "Balki, wagga ba tawa ta ba?" Na ce taki ce, Gwaggo. Ta ce, "To mi yah hana a amsa?" Gurbin na sake zagayowa, sai Inna Hure ta amsa. Ba ta yi shawara da kowa ba, bakinta ne ya saba. Sauran suka bi. Wasu suka fara bugun benci da tafin hannu. Na daɗe ban ji amshinsu ya haɗu kamar na wannan rana ba, har ya danne ƙarar janareta. Mutanen kujerun tsakiya suka fara juyowa, wasu dattawa suka miƙe suna leƙe, na ga wani ya cire hula yana gyaɗa kai. Gwaggo ta gyara zama, ta ɗago kai, ta fara bin muryarta ta cikin lasifika da bakinta.

Sai mai gabatarwa ya ce a makirfo, "Iyayenmu mata na baya, don Allah a taimaka a yi mana shiru, ana ɗaukar bidiyo."

Ban riƙe shi a zuciya ba. Baƙo ne, daga wani gari aka ɗauko shi, bai san su wa ke zaune a bencin ba. Amma kai ka sani. Kana kujerar gaba, kusa da babban baƙo. Ka waiwayo, idonka ya sauka a kanmu, na ga ka gane ta. Na jira ka ɗaga hannu, ko ka miƙe ka gaya wa jama'a cewa ga mai muryar nan a zaune. Sai ka mayar da fuskarka gaba. Wannan ne ya fi komai tsaya mini a rai, kuma ban taɓa samun zarafin faɗa maka ba sai yau.

Matan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ce ta ƙarshe, domin ba ta ji sanarwar sosai ba. Sai da ta ji ita kaɗai ke yi sannan ta tsaya. Ta ja mayafinta ta rufe baki. Aka tafa wa yara.

Ana tashi la'asar ta kawo jiki, kowa na gudun kada yamma ta riske shi a hanya. Matan Damri da Bakura suka yi tasha da sauri, ko sallamar kirki ba su yi da Gwaggo ba. A da ranar biki sukan wuni tare, su ci su sha, su ji wa ya rasu, wa ya haihu, wa aka sako daga daji. Yawancinsu wannan ne ganinsu na ƙarshe da ita.

Na uku: abin da ta roƙa tana kwance.

Daga ranar nan Gwaggo ba ta ƙara waƙa ba, ko ta reno, ga jikokina cike da gida. Ba ta zagi kowa ba. In na ta da maganar sai ta ce, "Bari, Balki, zamani na." Da daminar bana ta faɗi, ciwon ƙirjin ya dawo ya kwantar da ita. A nan ta fara roƙona abu ɗaya. Tana so ta ji waccan waƙar da ta bi ƙauyensu gida gida. Ta ce sunayen sun fara kuɓuce mata. Takan fara daga rijiya, in ta kai tsakiyar gari sai ta rasa gidan wa ke bin na wa. Wannan ya fi ciwon damunta. Na sha shigowa daga ɗinki in same ta tana motsa baki tana lanƙwasa yatsu, in ta ɓata sai ta koma farko, in ta sake ɓata sai hawaye. Ni kuwa ba a garin na tashi ba, ba ni da abin da zan tuna mata.

Na je ofis. Aka ce abin na cikin kwamfuta, kwamfutar na Gusau, in dawo. Na dawo, aka ce ba a da ikon fitar da shi sai da izinin masu tallafi, an rubuta musu. Na sake dawowa, wani ma'aikaci ya tausaya mini ya tura mini wani abu a waya. Na yi gida da murna, ashe guntun nan ne na ranar biki, mai fiyano. Na kunna mata. Ta saurara kaɗan ta ce in kashe.

Kai kuwa duk zuwana ko ka yi tafiya, ko kana taro. Sau ɗaya Allah ya haɗa mu, ranar kasuwa, wajen 'yan shinkafa. Ka gaishe ni da mutunci, ka tambayi jikin Gwaggo, ka ce in gaishe ta. Na gaya maka abin da take nema, na kuma gaya maka jikin ya yi nisa. Ka ce in sha Allahu cikin satin. Na koma na gaya mata Malam ya ce cikin satin. Ta yi murmushi, ta sa na gyara mata filo, ta ce in ajiye wayar kusa da kanta don kada a kira ba mu ji ba.

Ta rasu wata Juma'a da hantsi, gero na fitar da kai. Ba ta ji waƙar ba. Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da ɗanta a inda babu mai tashin wani.

Washegari aka nuna mini ta'aziyyar ƙungiya a waya, da hoton nan na ƙyalle, da kalmomi masu daɗi. A lokacin ne na fara ganin sunanta a rubuce a wani abu naku. Daga cikinku sakatare ne kaɗai ya tako gidana. Ya zauna a zaure ya yi addu'a, da zai tafi ya ce a kira ni. Ya ce ba zai iya ci gaba da ɓoye mini ba: shi kansa bai san ko cikakken ɗaukar yana nan ba. Baƙin nan biyu ba ma'aikatan ƙungiya ba ne, masu tallafi ne suka ɗauko su, aikin ya ƙare sun kama gabansu, abin da suka miƙo wa ofis guntaye ne da aka yanka don biki. Ya ce ya nemi a bi sawu tun Gwaggo na da rai, ba a bi ba. Na tambaye shi ko in faɗi wannan a fili, ya ce in faɗa, gaskiya ce. Ina roƙo kada a huce a kansa.

Kuma ba Gwaggo kaɗai aka ɗauka ba. Na san an je wurin wani tsohon maƙeri a Bakura, an je wurin makaɗan noma a Maradun. Na tambayi iyalansu. Babu wanda aka mayar wa komai.

Na huɗu: abin da na gani a Damri.

Kwanan baya aka yi bikin jikar Inna Hure, na je. Ɗakin da za a kai amarya na ƙasa ne, babu halin siminti, sai matan suka ce a daɓe shi kamar da. 'Yan amshin Gwaggo da suka rage kusan duk suna wurin. Aka zuba tsakuwa, aka jiƙa, aka jera. Aka ɗaga madaɓai, sai kowace ta tsaya tana jiran a bayar. Suka dubi Inna Hure. Ta fara, ta yi baiti ɗaya, ta kai rabin na biyu ta tsaya. Wata ta karɓa, ita ma ba ta yi nisa ba. Shekara da shekaru suna bayan Gwaggo, amshi suka riƙe. Babu wadda ta taɓa kawowa a ranta za a wayi gari babu mai bayarwa. Suka gwada yin amshin shi kaɗai, bugun ya ƙi haɗuwa, wannan na saukewa wannan na ɗagawa. Wata ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, aka fita da ita. Daga ƙarshe a shiru aka daɓe ɗakin. Ba ka jin komai sai ƙarar itace da nishin tsofaffi. 'Yan matan gidan na tsaye a bakin ƙofa suna kallo, sun zo su ji abin da kakanninsu ke ba su labari, suka gaji suka watse.

A ɗakin nan na yanke shawarar rubuta wannan takarda. Rabin waƙoƙin nan na bakin matan Damri da Bakura. Ɗaya rabin, in har yana nan, yana hannun mutanen da kuka kawo gidana. Ƙungiyar da muka kafa don kada abubuwan iyayenmu su ɓace, ita ce ta karɓi rabin nan ta kasa faɗin inda ta ajiye shi.

Yanzu kuma na ji ana shirin bikin bana, wai da guntun nan za a buɗe taro, wai za a ba da lambar yabo da sunan Gwaggo, har an fara tambayar wa zai karɓa daga danginta. Saboda haka ga abin da nake roƙo, da yawuna da na matan da suka wakilta ni.

Ku nemo mutanen nan biyu. Masu tallafin da suka ɗauko su sun san inda suke, ku kuma kun san masu tallafin. In ɗaukar na nan, a kawo shi yadda ta yi shi, ba fiyano, ba yanka, da gurabun da ta bari. A ba Inna Hure da 'yan uwanta su saurara, su koya wa wata mai ƙuruciya da murya. Waƙar ƙauyensu kuwa a ba 'yan ƙauyen, duk inda suke zaune. Akwai yaran da aka goyo aka fito da su, sunayen iyayensu mata na ciki.

In kuma ya ɓata, ku faɗa mana ya ɓata. Ka faɗa da bakinka, ba ta bakin maigadi ko ma'aikaci ba. Mun binne mutane, mun bar gidaje, za mu iya ɗaukar wannan ma. Jira ne ya gajiyar da mu.

Kada a sake kunna muryarta a taro matuƙar matan da suka yi mata amshi suna waje, ko suna ciki an hana su buɗe baki. Lambar yabon kuma ku riƙe abinku. Babu wanda zai zo karɓa daga gidanmu.

Ku mayar wa maƙerin Bakura da makaɗan Maradun nasu tun suna raye. Duk wanda kuka rataye hotonsa, ku rubuta sunansa, ku kuma tabbata an bar shi ya shiga.

Na ƙarshe, in tsaro bai bari a koma fili ba, ba na cewa a koma. Amma ɗakin taron nan yana da haraba, kuma masu abin suna nan kusa, ba su ƙare ba tukuna. A rage jawabi a ba su wuri. In ba za a iya ba, to ku daina aiko ni in taso tsofaffi daga garuruwansu. Ba zan ƙara kiran kowa ya hau hanyar nan don ya zauna a benci ya kalli kansa ba.

Ranka ya daɗe, ban manta alherinka ba. Ba don kai ba, da ba a fara bikin nan ba, kuma shekarun da Gwaggo ta samu tana haɗuwa da 'yan uwanta bayan an tashe su, ta hanyarka ta same su. Har ta koma ga Allah ba ta ambace ka da mugun baki ba. Ina zaton nauyi ne ya yi maka yawa, da baƙi, da masu tallafi, da manyan da ba a iya ce wa a'a. Amma mu ma mutanenka ne, mu muka riga su saninka.

Kafin in baro Damri na gaya wa Inna Hure zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Tana zaune ta miƙe ƙafar nan mai kumburi, hannunta duk makuba. Ta ce, "Ki hwaɗa mai ba hushi munka yi ba. Tsuhwa munka yi. In da abin da za a kawo muna, a kawo shi tun kunnuwanmu na ji."

Na isar.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama da shugabancin nan lafiya, ya haɗa ka da mashawarta na gari. Allah ya raya maka zuri'a, ya tsare ka da sauran 'yan kwamiti a hanyoyin da kuke bi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu, ya sa waɗanda aka raba da garuruwansu su koma da ƙafafunsu.

Wassalam.

Taku,
Balkisu mai ɗinki,
'yar wan marigayiya Kulu zabiya,
Talata Mafara.